Yadda Aristóbulo Ya Rage wa Kekena Giya

Sati biyar kacal ƙanina Aristóbulo ya yi a Bogotá yana gadin wani bene da ba a gama ginawa ba, amma ya dawo mana Santa Rita del Alto da ilimin da wanda ya shekara talatin a can bai tara ba. Ya san abin da ke hana dankalinmu girma. Ya san kuskuren da likita ya yi a ƙugun Doña Tránsito maƙwabciyarmu. Ya kuma gano cewa duk faɗin garin nan babu wanda ya iya keke, mu da muke koyon feda kafin mu koyi ɗaura igiyar takalmi.

Ranar Laraba ya buɗe wa'azinsa a bakin shagon Don Eliécer mai gyaran keke, inda nake tsayawa shan kofi idan na gama raba cuku.

"A Bogotá an daina yayin keke mai giya," in ji shi. "Ran Lahadi in an rufe titi, sai ka ga samari a kan keke tsirara. Sarƙa ɗaya, faranti ɗaya a gaba, haƙori ɗaya a baya, shi ke nan. Ba waya, ba tarkace. Giya ta ragwaye ce da masu ciwon gwiwa."

"Titin nan da ake rufewa," in ji Don Eliécer, bai ko ɗago daga tayar da yake wa faci ba, "tudu nawa ne a kansa?"

"Tudu ai a zuciya yake, Don Eliécer."

"To namu a bayan coci yake. Leƙa ka gani, bai tashi ba."

Mai ciwon gwiwar da yake nufi ni ce, yayarsa Herminda. Shekarata hamsin da takwas. Daga gonata a kwari zuwa gari kilomita huɗu ne, babu taku goma a ciki da ba hawa ba, kuma kullum da safe nakan hau shi da kwando biyu na cuku a kariyar kekena. Koren keke ne mai giya goma sha takwas, shekara goma sha ɗaya muna tare. Ƙaramar giyar nan ta ƙarshe, wadda ƙafa ke ta juyawa keke na tafiya a hankali, ita ce ke kai ni gari. In babu ita, cuku ya zauna a kwari ni ma na zauna, don gwiwoyina sun daɗe da ajiye aikin hawa da ƙafa.

Ga shi Asabar ɗin ce bikin Uwargida Carmen, waliyyiyar da ke kare direbobi. Duk mai abin hawa zai yi masa ado ya kai shi kan tudu wajen gicciye, a gangaro a jere zuwa ƙofar coci, kowa ya tsaya Fada Gumersindo ya yayyafa masa ruwan albarka. Aristóbulo ko baro ba shi da shi. Shekara da shekaru ɗan kallo ne a bakin titi, yana koya wa na kusa da shi yadda ya kamata a sha kwana. Bana ya rantse sai garin ya ga abin da bai taɓa gani ba, kuma a nan kam ya cika alkawari.

Alhamis da safe saniyata ta tashi haihuwa, ban samu zuwa gari ba. Shi kuwa tun da matarsa ta ƙoshi da iliminsa ta koma gidan iyayenta a Tunja, a ɗakin bayan gidana yake zaune. Ya leƙo garke ya same ni hannu dumu-dumu.

"Yaya, sarƙar nan taki kuka take yi. Bari in ɗiga mata mai."

"Mai kawai, Tóbulo."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

Shekararsa hamsin da ɗaya, kuma da na tsaya na amsa masa wannan tambayar da ban shiga uku ba.

Ɗan maraƙin ya zo a juye, sai da rana ta raba muka samu kansa lafiya. Na fito ina goge hannu, na tarar da kekena a kife tayoyi sama. An shimfiɗa farin ƙyallen da nake tace cuku, an baje kayan cikinsa a kai: wayoyi, maɓallan hannu, faranti biyu na gaba, da lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke ɗaga sarƙa daga haƙori zuwa haƙori. Notin da ke riƙe da shi ya ƙi kwancewa, sai gwanin ya ɗauko zarto. Bai tsaya a notin ba, har kunnen jikin keken da ake rataye shi ya yanke.

"Nauyin banza ne, Yaya. Ɗaga ki ji, ya ragu da kilo guda."

"Mai na ce ka sa."

"Na sa mai. Da na sa sai idona ya buɗe. Gobe war haka za ki yi mini godiya."

"Gobe war haka ana jana'izarka in ba ka mayar mini da kayana ba."

"Mayarwa ai ci baya ne."

Na bi shi da muciya zagaye biyu na ɗakin girki, gwiwa ta tuna mini da kanta, na zauna a kan dutse ina haki. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, amma zarto ya riga ya gama aikinsa, duka ba zai liƙe ƙarfe ba. Doña Tránsito da ta ji hayaniya ta jawo kujerarta da kayan saƙarta zuwa bakin shinge. Daga ranar har daren Jumma'a ba ta sake tashi daga wurin ba sai in za ta ci abinci.

Yanzu sarƙa ta yi tsawo tana sharar ƙasa. Ya samo ƙusa da dutse ya cire gaɓa takwas, ta gaza. Ya mayar da huɗu, ta yi yawa. Ya cire biyu, ya daki babban yatsansa, ya yi rawar da ba a koya masa ba, sarƙa kuma ta sake gazawa da rabin gaɓa.

"Aristóbulo," in ji Doña Tránsito, "ni in hula ta matse warware ta nake yi, ba na rage kan mai ita."

"Saƙa daban, injiniyanci daban, Doña."

"Na lura. Namu in an gama ana sawa."

A ƙarshe ya bar sarƙar da sako-sako, wai tana bukatar numfashi. Ya ɗora ta a babban faranti a gaba da mafi ƙanƙantar haƙori a baya, ya ce wannan ita ce giyar maza. Ya gyara hula, ya hau, ya miƙe tsaye a kan feda da duk nauyinsa. Sarƙa ta zame. Ya sauko a kan ƙarfen tsakiya da inda bai kamata namiji ya sauko ba. Ya tsaya a haka ido waje, baki buɗe, ba magana.

"Herminda, riƙe ranar nan," in ji Doña Tránsito. "Ya yi shiru."

"Gwaji ne," ya ce can da wata siririyar murya. "Haka ake gwada ƙwarin ƙarfe."

Jumma'a dole na ba Nepomuceno mai walda cukuna ya kai mini gari a akori-kurarsa, tsakanin tukunyar gas da tsofaffin ƙarafa. Sai tsakar rana ya isa, a matse, yana warin inji. Matar gidan burodi ta aiko a tambaye ni ko shanuna sun koma shan fetur ne. Shekara goma sha ɗaya ina kai mata cuku ba ta taɓa aiko mini da saƙo ba, abin ya tsaya mini a rai.

Shi kuwa Aristóbulo ya ja tayar baya da guduma har sarƙa ta ɗame, ya sanar cewa an gama. Ya taka feda sau goma a filin ƙofar gida yana ɗaga wa kaji hannu. Da ya iso gindin tudu keke ya tsaya cak. Ya miƙe, ya cije, jijiyoyin wuya suka tashi. Sarƙa ta gaji da ƙaramin haƙori ta haye na kusa da shi, ta ƙulle. Keke da mai shi suka yi ɗan tunani a tsaye, sannan suka karkata a hankali suka kwanta a cikin albasar Doña Tránsito.

"Tashi mini daga kan albasa, ɗan banza. Wata uku ina ba ta ruwa."

"Ƙasar nan ce a karkace, Doña. A Bogotá da tuni an daidaita ta."

"Ka koma can ka faɗi a kan tasu."

Ya fito da ganye a kunne da sabon bincike a baki: laifin sauran haƙoran baya ne, su ke ɗauke wa sarƙa hankali. Da yamma ya ɗora keken a motar Nepomuceno. Na shiga gaba na bi su, don ina so Don Eliécer ya gaya mini gaskiyar halin da nake ciki.

Nepomuceno ƙofofin gareji da garma yake liƙewa, kuma mutum ne da in ka ce ya liƙe abu zai liƙe shi har da maƙwabtansa. Aristóbulo ya sa shi ya kafa faifan ƙarfe biyu, ɗaya a kowane gefen ƙaramin haƙorin, don sarƙa ta rasa inda za ta. Wuta ta yi tartsatsi, narkakken ƙarfe ya gangara cikin abin nan da ke barin taya ta yi gudu ƙafa na hutawa. Da ya huce suka juya taya, sai feda ta bi ta. Suka juya baya, feda ta koma baya. Nepomuceno ya ɗaga gilashinsa yana sosa kai.

"Kamar na ɗan zarce."

"Ba ka zarce ba, ka dace," in ji Aristóbulo. "Ai haka na Bogotá suke. Da ma nan za ni."

Don Eliécer ya tsallako titi da tsumma a kafaɗa. Ya juya tayar sau ɗaya, ya dubi feda na wulwulawa ita kaɗai.

"Ka san a gangara abin nan ba zai bari ƙafarka ta huta ba?"

"Shi ya sa ba a bukatar birki. Ka danne feda baya, keke ya tsaya. Birki a cinya yake."

Don Eliécer ya dube shi daga ƙugu zuwa ƙasa. "Cinyar wa? Ina da sandar tsintsiya a shago da ta fi wannan tsoka."

"Tóbulo," na ce, "ka taɓa birkin nan ka nemi wata yayar."

Ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin mahaifiyarmu. Ita ma tana raye haka yake rantse mata. Don Eliécer ya ja ni gefe ya nuna mini wurin da zarto ya ci, ya ce kunne ya tafi, giya ba ta da inda za ta rataya, sai dai in fara tunanin wani keken. Na sha kofinsa a ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Asabar na kafa teburina a dandali da cuku da arepa, wainarmu ta masara, kusa da famfon ado da ke tsakiya, mai zuba ruwa a wani babban kwarmi. Labarin Aristóbulo ya riga shi saukowa. Wai ya tura keken har kwanar farko, sannan ya roƙi direban motar dankali ya ɓoye shi a ƙarƙashin tamfal. A bayan gicciye ya sauka ya watsa wa fuskarsa ruwa don a ce gumi ne, mutum arba'in na kallonsa. Ya sa farin wando mai faɗin ƙafa da ruana ta mahaifinmu, bargon ulun nan da ake zurawa ta wuya. Birkin da ya rantse a kansa kuwa ya cire shi, a inda yake da ya ɗaura shuɗin zare da fari.

Daga dandali ana hango hanyar tun daga sama. Motar da ke ɗauke da siffar Uwargida Carmen ce a gaba tana tafiyar amarya, sai manyan motoci da balan-balan, sai bas-bas, sai babura, 'yan keke a ƙarshe. Ana ta hon, ana harba wutar biki sama. Sai ga wani farin abu ya ɓalle daga can baya.

Ya wuce 'yan keke yana ɗaga musu hula. A kwana ta biyu hular ta tafi abinta. A nan ne ya tuna da birkin cinya, ya danne feda baya, feda ta ɗaga shi sama daga sirdi ta dire shi. Ya sake gwadawa, ta watsar da ƙafafunsa biyu. Daga nan ya ware su gefe da gefe, feda na juyawa ita kaɗai tana ƙwala masa a idon sawu duk zagaye. Ya wuce babura, ya wuce bas-bas. Direbobi suka ɗauka wasa ne da aka shirya, suka ƙara danna hon, 'yan kallo suka kama tafi. Da ya zo daidai motar Uwargida sai da ya saki hannu ɗaya ya yi alamar gicciye, kuma wannan shi ne aikin hankali ɗaya da na ga ya yi a duk satin.

Yana shigowa titin coci sarƙa ta kama bakin wandon. Muka ji ƙarar yagewa tun daga dandali. Ta ja shi daga idon sawu har ƙugu, ta naɗe a faranti, ta nemi ƙari.

Fada Gumersindo na tsaye a kan benci a ƙofar coci, bokiti a gabansa, abin yayyafi a hannu. Tsoho ne da ya shekara talatin yana wannan aikin, kuma bai taɓa barin abin hawa ya wuce shi a bushe ba.

"Fada," in ji Don Eliécer, "wannan fa ba zai tsaya ba."

Fada ya duba, ya ajiye abin yayyafin a natse, ya ɗaga bokitin da hannu biyu. Aristóbulo na giftawa ya sheƙa masa shi duka a fuska. Ya ratsa 'yan badujala ido rufe, mai kakaki ya haye mai ganga, tayar gaba ta nutse a buhunan ulun da aka tara a kusurwa. Keke ya tsaya. Mai shi bai tsaya ba, ya wuce ta saman teburina ya faɗa cikin kwarmin famfo.

Ya miƙe ruwa iya ƙugu, kuma gara da ruwan ya kai nan, don wandon yana wurin keke. Ya share fuska ya dubi jama'a.

"Wa ya duba agogo? Na rantse tun da aka kafa garin nan ba a taɓa saukowa daga gicciye da wannan saurin ba."

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki a ƙasa. Motoci sittin kuwa sun iso sun yi layi, bokiti wayam. Direban motar madara ya leƙo ta taga.

"Fada, mu fa? Tun asuba muke wanke mota."

"Ku je ku matse mai keken," in ji Fada. "Duk yana jikinsa."

Ni ban yi dariya ba. Na je na ɗaga kekena daga cikin ulu. Tayar baya ta lanƙwashe, fentin ya ƙone inda wuta ta ci, rabin wando na reto a sarƙa. Na shafa sirdin da ya ɗauki siffar zamana, sai na ji hawaye, kuma ban ji kunyarsa ba. Doña Tránsito ta jefa wa Aristóbulo mayafinta ya ɗaura, ya fito yana ɗiga, ya fara cewa Yaya ai kuskuren daga ingancin sarƙar ne.

"Rufe bakinka," na ce. "Fada, ka zama shaida. Don Eliécer, ka zama shaida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, don haka ba zan kore shi ba. Amma cukuna zai ci gaba da isowa garin nan ƙarfe bakwai, a kan keken nan, ni ma ina bisansa. Yadda za a yi, injiniya ya sani."

Don Eliécer ya sa mini wata tsohuwar taya mai haƙori ɗaya da ke barin ƙafa ta huta, ya mayar da birki biyu. Litinin da safe na ɗaure kwanduna, na hau sirdi, na ɗora ƙafafuna a feda. Aristóbulo ya kama kariya ta baya ya fara turawa. Kilomita huɗu, ni da cuku da koren keke. In ya rage sauri sai in kaɗa ƙararrawa.

Mutane suka riƙa fitowa bakin hanya da kofinsu don su gaishe mu. A satin farko yana gaya musu horo ne irin na zakarun Bogotá. A sati na biyu numfashin bai kai ga Bogotá ba, yana tsayawa a horo. A na uku hannu kawai yake ɗagawa. Gida ya yi shiru, albasar Doña Tránsito ta farfaɗo, matar gidan burodi ta ce cuku ya dawo hayyacinsa.

Yau na gama rabo ina shan kofi, Don Eliécer ya yafito ni cikin shago. Ya buɗe tafin hannunsa, ga wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya bai kai tsawon yatsa ba.

"Daga Duitama aka kawo mini," ya ce ƙasa-ƙasa. "A ƙarƙashin notin taya ake ɗaure shi, ya zama sabon kunne. Ashe ba sai an sayi wani keken ba. Taya mai haƙora da sauran kayan duk ina da su, aikin awa ɗaya ne, Doña Herminda, giyarki goma sha takwas su dawo cif."

Na leƙa waje. Aristóbulo na kwance a benci da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, ƙirji na hawa da sauka. Na lanƙwasa gwiwata ta dama, na lanƙwasa ta hagu. Rabon da in ji su lafiya haka tun ina budurwa.

"Don Eliécer, sa shi a aljihun tebur ka kulle."

"Har zuwa yaushe?"

"Bari mu ga Kirsimeti."

Na sa aka kai wa ƙanina babban kofi na ruwan mazarƙwaila mai zafi da arepa biyu, na tsaya a kansa har ya cinye, don gobe ranar kasuwa ce, kwando uku zan ɗauko.